Abin da ke kashe wuƙar kugu

Mafarauci, makiyayi da manomin da ke wuni a gona, da wuya a ga ɗayansu ba 'yar wuƙa a kugu ko a damtse. Ba ta naɗewa, tsawon bakinta bai wuce tafin hannu ba, amma ita ke yanke igiya, ta fere rogo, ta feɗe zomo. Abin mamaki, ba aiki ke kashe irin wannan wuƙa ba. Injin washi da kube ne.

Yawancin maƙeranmu da tsohon sifirin mota suke ƙera ta. Maƙeri zai gasa ƙarfen ya yi ja, ya tsoma shi a ruwa ko mai don ya yi tauri. To wannan taurin wuta ce ta kawo shi, wuta kuma ke tafiya da shi. Idan mai injin washi na bakin kasuwa ya danna wuƙa tartsatsi na tashi, siririn bakin kan yi zafi nan take. Da ya soma yin shuɗi, zafin ya kai wajen digiri 300, kuma wurin ya yi laushi ke nan. Za ta yi kaifi yau, gobe ta dakushe. Ana gab da Babbar Sallah, wuƙaƙe da yawa haka suke ƙarewa.

Dutsen washi ya fi, sai dai yana son haƙuri. A jiƙa shi da ruwa, a kwantar da wuƙar, a ɗaga bayanta kaɗan, kamar digiri 20, a riƙa tura ta sai ka ce za a yanko ɓawon dutsen. Sirrin shi ne kada hannu ya sauya karkata. Ana ci gaba har sai yatsa ya ji wani ɗan ƙaiƙayi ya tanƙwaro a ɗaya gefen, tun daga gindi har tsini. Sannan a juya. Wanda bai jira wannan alama ba, goge ƙarfe kawai ya yi.

Daga nan sai dabarar wanzamai: a ja bakin da baya-baya a kan fata, sau goma ko fiye kowane gefe, ƙaiƙayin ya fita. A daji, gindin kofin tangaran, inda ba a shafa masa ƙyalli ba, yana iya zama dutse. Gwaji kuwa tumatir ne nunanne. In wuƙar ta shige ba a danna ba, ta yi.

Sai kube. Dukawa na zuba masa ado, amma fata na riƙe laima, musamman da damina. Wuƙar da aka mayar da jini ko ruwan lemon tsami a jikinta, kafin kwana biyu ta yi tsatsa. Baƙi-baƙin da baƙin ƙarfe ke yi da daɗewa ba illa ba ne, har kariya yake bayarwa. Jar tsatsa ce mai ci. Toka da jiƙaƙƙen tsumma kan cire ta.

Kafin a mayar da wuƙa kube, a wanke ta, a share ta bushe ƙayau, a shafa ɗan man kaɗe ko man gyaɗa. Ban da baƙin man inji, tunda wuƙar nama za ta taɓa. In kuma za ta daɗe a ajiye, a zare ta daga kube a naɗe a tsumma mai maiƙo, a sa inda hannun yara ba zai kai ba.