Gano Cutar Injin Jirgi Mai Feshin Ruwa

Duk manomin da ya taɓa ɗora injin ban-ruwa a bakin rijiyar fadama, a Gatawa ko a garuruwan da ke gefen Gulbin Rima tsakanin Isa da Sabon Birni, ya riga ya san rabin ilimin jirgin nan mai tafiya da feshin ruwa, ko da kuwa bai taɓa ɗora ido a kansa ba. Dalili kuwa shi ne, wannan jirgi ba shi da farfela a waje irin ta injunan da ake rataya wa kwalekwale. Famfo ne a cikinsa, yana zuƙo ruwa ta wata rariya da ke ƙarƙashi, ya watso shi ta baya da ƙarfi, sai jirgin ya cilla gaba. Wani makiyayin tumaki na ƙasar New Zealand, William Hamilton, shi ya kyautata wannan hikima a 1954, saboda kogunan ƙasarsu marasa zurfi ne, duwatsu na karya farfela, wanda kuwa ya ga yadda yashi ke cike gulabenmu bayan kaka zai gane abin da ya dame shi.

To, tun da yake na'urori biyu ne aka haɗa, inji da famfo, wajibi ne na farko a kan mai bincike ya tabbatar wanne ne ba shi da lafiya kafin ya ɗauki sifana, gama tabibin da ya tsaga ciki alhali ciwon yana ƙafa ya ƙara wa majinyaci wahala ne kawai. Kunne ke yanke wannan hukunci. Idan aka murɗa totur inji ya yi ta ruri fiye da ƙa'ida, amma jirgin yana jan jiki, to, injin ya kuɓuta daga tuhuma, laifin na famfo ne: ko dai kainuwa da leda sun toshe rariyar, ko igiyar taru ta naɗe sandar da ke juya famfon, ko kuwa yashi ya cinye bakin farfelar ciki, har ratar da ke tsakaninta da zoben da take juyawa a ciki, wadda galibi ba ta kai milimita 1 ba, ta buɗe, ruwa yana sulalewa baya maimakon ya fita. Masu noman rani sun san wannan illa sarai, domin haka injinsu ke yi ran da mesa ta sha iska. A kashe inji tukuna kafin a sa hannu a rariya.

Amma idan injin ne ya ƙi tashi, ko ya tashi ya mutu, sai a bi sharuɗɗan rayuwarsa ɗaya bayan ɗaya, a fara da mafi arha. Fetur shi ne babban abin zargi a ƙasarmu, inda sau da yawa mai daga jarkar 'yan bumburutu yake fitowa. A tsiyayo kaɗan a farar kwalba, in akwai ruwa zai kwanta a ƙasa, kowa ya gani da idonsa. Daga nan a kwance fulogi, wanda shi kaɗai shaida ne adali a kan abin da ke gudana a ciki: baƙi mai kunkunniya na nufin mai ya rinjayi iska a kafireta, jiƙaƙƙe da fetur na nufin wuta ba ta zuwa, fari fat kuma alama ce ta zafi da ƙarancin mai. Sai dai a yi hattara wajen gwada tartsatsi, saboda tururin fetur ya fi iska nauyi, a gindin jirgi yake taruwa.

Akwai mas'ala guda da ta keɓanta da wannan jirgi, wadda bakaniken mota kan manta da ita, wato ruwan da ke sanyaya injin daga famfon nan yake zuwa, saboda haka duk yashin da aka zuƙa a wuri marar zurfi yana iya toshe hanyarsa, inji ya ɗauki zafi, gasket ya ƙone. Shaidar haka ita ce baƙin mai ya koma kamar madara, farin hayaƙi kuma ya ƙi yankewa. In kuwa ruwa ya shiga kan fistin, aka buga inji ya cije, haramun ne a tilasta masa, domin ruwa ba ya matsuwa, ƙarfe ne zai lanƙwashe. A cire fulogai duka, a juya shi ya tofar da ruwan.

Abin da ya fi dukkan waɗannan haɗari shi ne, da feshin nan ake karkata jirgin, don haka sa'ad da inji ya mutu linzami ma ya mutu tare da shi, kuma a watan Agusta, lokacin da gulbi ya kawo yana gangarawa Madatsar Goronyo, ba a samun sukunin kwance fulogi a tsakiyar ruwa. Sai a sa gora da filafili a kai jirgin gaɓa, a ɗaure shi, a sauke mutane, sa'an nan a fara bincike.