Me Ya Sa Kwafin Fayil Ke Tafiyar Hawainiya?

Ranar wata Alhamis bayan La'asar, mu huɗu muka shiga ɗakin kwamfuta na sashenmu domin kwafe bidiyoyin darasi zuwa faifan ajiya na wata abokiyar karatunmu. Jarrabawa saura mako guda, kuma mai kula da ɗakin ya riga ya faɗa mana cewa ƙarfe shida zai kashe janareta. Kwamfutar tsohuwa ce, tana aiki da Ubuntu, ɗaya daga cikin ire-iren manhajar Linux.

Da muka fara kwafin, sai kwamfutar ta nuna mana sai an shafe awanni kafin a gama. Fankarta ta kama gurnani, ko buɗe wani shafi ya gagara. Ɗayanmu ya ce bairos ne. Wani ya ce faifan ne ya lalace, gara a yi masa fomat, wato a goge shi tas a sake tsara shi. Nan take idon mai faifan ya raina fata, domin aikinta na zangon karatu gaba ɗaya da hotunan gidansu duk suna ciki.

Allah Ya taimake mu akwai wani ɗan ajin ƙarshe a kusa. Ya buɗe wurin rubuta umarni, ya rubuta top, sai ga jerin ayyukan da kwamfutar ke yi. A can sama akwai wani aiki mai suna mount.ntfs, shi ne ya danne furosesa, wato sashen da ke yi wa kwamfuta lissafi. Ya ce mana faifan lafiyarsa lau, tafinta ne ya gaji.

Ga abin da muka fahimta. Kowane faifai ko filashi yana da tsarin da yake bi wajen jera fayiloli, kamar yadda ɗakin karatu ke da rajistar da ke nuna inda kowane littafi yake. Faifan abokiyarmu yana kan tsarin NTFS, wanda kamfanin Microsoft ya fito da shi a 1993 domin Windows. Linux kuwa nata tsarin daban ne, wanda aka fi sani shi ne ext4. Kafin ta karanta ko ta rubuta wani abu a faifan NTFS, tana buƙatar wata ƙaramar manhaja da za ta yi mata tafinta. Irin wannan manhaja ita ake kira direba.

Direban da aka daɗe ana amfani da shi sunansa NTFS-3G. Wani masani, Szabolcs Szakacsits, ya fito da shi a 2006, kuma kamfanin Tuxera na ƙasar Finland ne ke kula da shi. Direba ne mai aminci, sai dai a waje yake zaune. Zuciyar Linux, wadda ake kira kanel, ita ce ke magana da faifai kai-tsaye. Shi kuwa NTFS-3G yana aiki ne daga waje, ta wata hanya mai suna FUSE.

Ku ɗauka tafinta na zaune a zaure, maigida na cikin gida. Duk maganar da za a fassara sai ɗan aike ya kawo ta zaure, sannan ya koma ciki da amsa. Wannan kai-da-kawon shi ke cinye ƙarfin furosesa. A tsofaffin saituna, ana yanka bayanan da za a rubuta zuwa ƙananan ƙunsuna na kilobait 4. Ke nan gigabait 1 kacal zai sa ɗan aiken ya yi sawu sama da 260,000. Sabuwar kwamfuta ba za ta ji a jikinta sosai ba, amma tsohuwa irin tamu, ko ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi, sai ta yi ta nishi.

Ɗan ajin ƙarshen ya sake haɗa faifan da wani zaɓi mai suna big_writes, wanda ke bari ƙunshi ɗaya ya kai kilobait 128. Da haka sawu 260,000 ya koma kimanin 8,000. Kwafin ya ƙara sauri, fanka ta lafa. Kafin shida mun samu darussan da suka fi muhimmanci, sauran muka ƙarasa washegari, kuma babu fayil ko ɗaya da ya salwanta.

Daga baya muka gano cewa an samar da magani mafi inganci. A 2021, Linux 5.15 ta zo da sabon direba mai suna NTFS3 daga kamfanin Paragon Software, wanda ke zaune a cikin kanel ɗin kanta. An shigar da tafinta cikin gida ke nan, ɗan aike ya huta.

To ƙannenmu, idan kun gamu da irin wannan a ɗakin kwamfutar makarantarku, kada ku yi gaggawar fomat. Ku fara duba aikin da ke cin furosesa. A Ubuntu akwai System Monitor da zai nuna muku. Idan fayilolin ƙanana ne masu yawa, ku dunƙule su cikin fayil ɗaya na zip tukuna, domin kowane fayil sai an yi masa rajista daban. Idan filashinku na yawo tsakanin Windows da Linux, ku tambayi malaminku game da tsarin exFAT, wanda dukansu biyun ke ganewa, kuma ba shi da iyakar gigabait 4 ga fayil ɗaya irin ta FAT32. Amma sauya tsari yana goge komai, don haka sai kun adana kayanku a wani wuri.

Sannan ko da allo ya nuna an gama, kada ku fizge filashi. Sau da yawa kwamfuta na riƙe da sauran bayanai da ba ta ƙarasa rubutawa ba. Ku danna alamar cirewa, ku jira ta ba ku izini.

Abokiyarmu dai ta sayi filashi na biyu a makon, ta ajiye kwafin aikinta a ciki. Mu ma mun bi sahunta.