Ciwon Damuwa da Neman Shawara ta Waya: Tunatarwa ga Iyalanmu

A unguwarmu ta Ekoudou, wadda aka fi sani da Briqueterie, gida yana jingine da gida, kowa kuma ya san kowa. Wannan zumunci ni'ima ce, amma yana da nauyinsa. Idan aka ji an kai wane Asibitin Jamot da ke Mballa II, kafin la'asar labari ya zaga cewa ya taɓu, ko da rashin barci ne ya kai shi. Tsoron wannan suna ya sa 'yan'uwanmu da yawa suke haɗiye ciwonsu har ya yi tsanani.

Alhali baƙin ciki bai bar bayin Allah na gari ba. Annabi Yaƙubu (AS) ya yi kukan rabuwa da ɗansa har ganinsa ya tafi, kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu ana kiranta Shekarar Baƙin Ciki. Malam Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya nuna tsoro da baƙin ciki da waswasi cututtuka ne masu magani. Ashe neman taimako bai saɓa wa tawakkali ba.

Yaushe damuwa take zama ciwo? Likitoci sun ce idan ƙuncin rai ya kai mako 2 ko fiye, mutum ya daina jin daɗin abin da ya saba, barci da cin abinci suka rikice, lokacin neman taimako ya yi. Haka nan fargabar da ba ta yankewa, mai zuwa da bugun zuciya da ƙuncin ƙirji. Shi kuwa yaron da ba ya iya natsuwa, a gida da makarantar allo da ta boko baki ɗaya, har tsawon wata 6, yana buƙatar a duba shi, domin bulala ba ta warkar da irin wannan.

Annobar korona ta sauya yadda ake neman wannan taimako. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2022 cewa damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a shekarar farko ta annobar. A nan Kamaru, Ma'aikatar Lafiya ta buɗe layin kyauta mai lamba 1511 a 2020 domin sauraron masu damuwa. Tun daga lokacin ake ta samun masana halayyar ɗan Adam masu ganawa da mutane ta waya ko ta intanet.

Babban amfanin wannan hanya shi ne sutura. Matar aure mai jego da ƙunci ya rufe ta, ko ɗan kasuwar da bashi ya hana barci, za su iya magana daga ɗakinsu, ba kuɗin mota, ba idon maƙwabta.

Sai dai akwai wuraren taka-tsantsan. Kafin a tura ko sefa ɗaya ta Orange Money ko MTN Mobile Money, a tambayi cikakken sunan mai ba da shawarar da asibitin da yake aiki, a kuma bincika. Duk wanda ya yi alkawarin warkarwa cikin kwana uku, ko ya rubuta magani ta WhatsApp bai san mara lafiya ba, a guje shi. A tuna cewa wayar gida hannu da yawa take bi, don haka a riƙa goge saƙonnin sirri. Sannan mafi yawan waɗannan masana da Faransanci ko Turanci suke aiki. Idan iyayenmu na buƙatar tafinta, a zaɓi babba mai riƙon amana, kada a ɗora wa yaro sirrin mahaifiyarsa.

Akwai kuma inda waya ba ta isa. Wanda ya fara maganar kashe kansa, ko yake jin muryoyi, ko tiramol ta kama shi, kada a bar shi shi kaɗai. A kai shi asibiti a ranar.

Kiranmu ga magidanta shi ne su ba iyalinsu izini da kuɗin kati ba tare da gori ba. Malamanmu kuma, bayan addu'a da ruƙiya, su riƙa cewa: “Je ka ga likita.” Allah Ya yaye mana damuwa, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.