Bindigar Marigayi: Tsakanin Ilmin Fara'ili da Dokar Ƙasa

Mas'alar da za mu duba a shirinmu na yau ita ce ta tsohuwar bindiga da magada kan taras idan an buɗe ɗakin mamaci, rataye a bayan ƙyaure ko naɗe cikin buzu, ƙotarta ta yi baƙi saboda shan hannu, ba kuwa wanda ya taɓa ganin takardarta.

A wajen malaman fara'ili al'amarin ba shi da wuya, domin bindiga dukiya ce cikin tarikar mamaci, kuma bayan an fitar da kuɗin likkafani, an biya bashi, an zartar da wasiyya matuƙar ba ta haura sulusi ba, sai a yi mata ƙima tunda ba ta rabuwa, wanda ya ɗauke ta a lissafa ta cikin rabonsa. Sai dai abin da alƙali ya raba mallaka ce kawai. Iznin riƙewa kuwa na hukuma ne, yana kuma bin mai shi kabari.

Dokar Makamai ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 1959, ta sa lasisin manyan makamai a hannun Shugaban Ƙasa, na bindigar farauta irin mai baki biyu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, ita kuwa adaka da ake ɗura wa albarushi ta baki, Kwamishinan 'yan sandan jiha na da ikon hana riƙe ta sai da lasisi. Idan mai lasisi ya rasu, dokar ta ba wanda kayan ke hannunsa rangwamen kwana 14 kacal, wa'adin da, a ganina, bai san al'adarmu ba, don kuwa yakan cika tun ana karɓar gaisuwa, matan marigayi suna farkon takaba, ba a ko kai ga sadakar arba'in ba, balle a yi zancen rabo. Idan kuwa marigayin bai taɓa yankar lasisi ba, to ko wannan rangwamen babu, kuma dokar fashi da makami ta 1984 ta tanadi tarar naira 20,000, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba bisa ƙa'ida ba. Cewa "ta kakanmu ce" ba hujja ba ce a gaban kotu.

Saboda haka, malam, kada ka saɓa ta a kafaɗa ka nufi caji ofis, domin a hanya ma ana iya kama ka da ita. Sanar da mai unguwa, ku nemi shawarar lauya, a kai wa 'yan sanda rahoto su karɓa su ba ka shaida a rubuce, sa'an nan mai sha'awa cikin magada ya nemi lasisi da sunansa. Kafin nan a kulle ɗakin, a nisantar da yara, gama tsofaffin maharba sukan ajiye adaka a ɗure, kuma albarushin da bai jiƙa ba yana tashi ko bayan shekaru masu yawa.