Badar Gula: yadda ake ajiye sani don kada ya tafi tare da mai shi

Badar Gula ƙaramar hukuma ce ta karkara a cikin gundumar Dakwaro, arewacin jihar Maraɗi, a yankin kwarin Tarka, watau inda ƙasar noma take ƙarewa ƙasar kiwo ta fara. Tun ran 26 ga watan Mayu na 1961 doka ta shata iyakar noma ta arewa a wannan sashe, domin a bar wa bisashe wurin kiwo. Hausawa da Fulani da Abzinawa ne ke zaune a wurin, kuma ruwan da suke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 ba. A ƙasa irin wannan, kuskuren mako guda wajen shuka yana iya cinye irin da magidanci ya ɓoye tun kaka, kuma mantuwa game da iyakar burtali tana iya jawo faɗa tsakanin maƙwabta. Saboda haka tambayar da ke gaban kowace ƙungiya da kowane ofishi a yankin ita ce: abin da mutane suka sani, ina ake ajiye shi, kuma ta wace hanya yake isa ga wanda ke bukatarsa a kan kari?

SANI IRI BIYU

Masana harkar gudanar da ma'aikatu sun kasa sani gida biyu. Akwai wanda ke cikin kai da hannu, kamar sanin tsohon makiyayi da ke duban ciyawa ya faɗi kwana nawa za ta ɗauki garke, ko na manomi da ke haƙa ƙasa da hannu ya gane ko laima ta isa shuka. Akwai kuma wanda aka fitar aka sa a takarda, ko a taswira, ko a na'ura, yadda wani zai iya ɗauka ya yi aiki da shi ko da mai shi ba ya nan. Wasu malamai biyu ƴan ƙasar Japan, Nonaka da Takeuchi, sun yi suna a 1995 da littafin da suka nuna cewa ƙarfin kamfani yana ga iya juya sani na farko ya zama na biyu, sa'an nan a sake mayar da shi cikin aikin hannun ma'aikata.

Mutanen Dakwaro suna da sani na farko mai yawa. Sun san zuwan shamuwa alamar ƙaratowar damana ne, sun san gawo yana zubar da ganye idan ruwa ya sauka, suna kuma lissafin lokaci da taurarin kaza da ƴaƴanta. Abin da ya daɗe yana ƙaranci shi ne wurin ajiya. Idan dattijo ya rasu, ko ma'aikaci ya sami canjin wurin aiki, sau da yawa abin da ya sani yakan bi shi.

MA'AUNIN RUWA DA LITTAFINSA

A shekarar 2010 ƙungiyar CARE ta buɗe wani shiri na koyon jure wa canjin yanayi, wanda aka sani da ALP, a ƙasashe huɗu: Nijar, Gana, Kenya da Mozambik. A Nijar an zaɓi garuruwa 20 na gundumar Dakwaro, cikin ƙananan hukumomin Badar Gula, Azagor, Rumbu da Soli Tagris. Ɗaya daga cikin kayan aikin da aka kafa a garuruwan shi ne ma'aunin ruwan sama.

Ma'aunin ba wani abu ne mai wuya ba. Mazubi ne mai lambobi a jiki, ana kafa shi a kan sanda a fili, nesa da itace da katanga. Milimita guda tana nufin lita guda ta ruwa ta zuba a kan fili mai tsawon mita guda da faɗin mita guda. Gari yakan zaɓi mutumin da ya iya karatu da rubutu, a koya masa duban ma'aunin. Duk safiyar da aka kwana da ruwa, sai ya duba, ya rubuta kwanan wata da yawan ruwan a littafi, ya zubar, sa'an nan ya aika da adadin ta wayar salula zuwa hukuma, daga can ya wuce ga ma'aikatar hasashen yanayi, har a faɗe shi a rediyo.

Amfanin wannan ɗan aiki ya bayyana ne a lokacin shuka. Malaman gona suna ba da shawarar a jira ruwa ya kai kamar milimita 20 cikin kwana ɗaya zuwa uku kafin a zuba iri, domin yayyafin farko yakan yaudari manomi, hatsi ya tsiro, rana ta ƙone shi. Da ma'auni a gari, gardamar ko ruwa ya isa ko bai isa ba ta koma ga lamba wadda kowa zai iya gani. Ɗan garin da ya tafi cin rani ma yana iya jin adadin a rediyo ya san lokacin dawowa gida ya yi. Babban amfani kuwa sai an tara shekaru: littafin da ya cika damana biyar ko goma yana nuna wa gari ranar da ruwa ya saba zama, da tsawon ƙwaƙƙwaran fari da kan auku a tsakiyar damana, abin da ƙwaƙwalwar mutum ba ta iya riƙewa daidai.

TARON WATA-WATA

Hanya ta biyu ita ce kwamitin gargaɗin gaggawa na gari, wanda ma'aikata ke kira SCAP/RU. Bayan farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985, gwamnatin Nijar ta kafa tsarin gargaɗin farko na ƙasa a 1989. Ƙarancin cimakar da aka yi a 2005 ya nuna cewa labari daga ƙauye yana jinkirin isa sama, don haka aka ƙarfafa kafa kwamitoci a garuruwa su kansu.

Kwamitin yana zama sau ɗaya a wata. Ana raba wa mambobinsa fannoni: wannan ya kula da cimaka da farashin tiyar hatsi a kasuwa, wancan da lafiyar mutane da ta yara ƙanana, wani da halin ciyawa da rijiyoyi da lafiyar bisashe, wani kuma da zaman lafiya tsakanin manoma da makiyaya. Kowa ya kawo abin da ya gani, a tattauna, a yanke matsayin da garin yake ciki daga cikin matakai huɗu, tun daga lafiya lau har zuwa halin gaggawa. Ana cika takarda a aika wa kwamitin sa ido na ƙaramar hukuma, shi kuma ya haɗa na garuruwa duka ya miƙa wa gunduma, daga nan jiha, har Yamai.

Hikimar wannan tsari ita ce alamun da ake dubawa na mutanen garin ne. Idan mata suka fara tonon gidan tururuwa don neman tsaba, ko aka ga ana kai tumaki mata masu ciki kasuwa, ko samari suka fice tun kafin girbi, dattawa sun san ma'anarsa tun kaka da kakanni. Takardar kwamiti ta ba wannan sani hanyar da zai hau mota ya isa teburin mai yanke shawara.

HAƊA MASANA BIYU A INUWA GUDA

Tun 1998 ƙwararrun Afirka ta Yamma ke taruwa kowace shekara su fitar da hasashen damana, kuma cibiyoyi biyu da ke jagorancin aikin, AGRHYMET da ACMAD, duka a Yamai suke. Amma hasashen yana fitowa da Faransanci da lissafin kashi cikin ɗari, abin da ba ya gaya wa manomin Badar Gula irin da zai shuka. Shirin ALP ya gwada wata dabara a Dakwaro: kafin ruwa ya sauka a tara ma'aikatan hasashen yanayi, da malaman gona da na kiwo, da sarakuna, da wakilan manoma da makiyaya da mata. Ma'aikata su faɗi abin da na'urori suka nuna, dattawa su faɗi abin da suka gani a itatuwa da tsuntsaye da iska. Sa'an nan a tsara shawara ga kowane hali: in damana ta yi gajarta, a nemi iri mai saurin nuna kamar hatsin HKP, in ta yi kyau, ga abin da za a ƙara, in ciyawa ta yi yawa, a shirya share hanyoyin tare wutar daji. Ana yaɗa shawarwarin da harsunan gida ta rediyo da bakin wakilan da suka halarta.

GONA, BURTALI DA RIJIYA

Babu inda rashin ajiyar sani ya fi tsada kamar harkar ƙasa. Jihar Maraɗi ba ta manta da abin da ya faru a Toda ba, cikin gundumar Gidan Rumji, a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari. Ran 2 ga watan Maris na 1993 aka kafa dokar tsarin karkara, wadda ta amince da mallakar gargajiya, ta kuma tanadi hukumomin kula da filaye a gunduma, daga baya aka saukar da su zuwa ƙaramar hukuma da gari. Aikinsu shi ne su ba da takardar shaida a kan saye da kyauta da aro da haya da jingina da gadon gona, su kuma rubuta burtali da makiyaya da mashaya a kundi. Dokar kiwo ta ran 20 ga watan Mayu na 2010 ta ƙara tabbatar wa makiyaya haƙƙin yawo da bisashensu.

A da, shaidar aron gona tana bakin dattawa uku ko huɗu. Bayan shekara talatin, masu ba da aro da masu karɓa duk sun kau, jikoki su tashi kowa da nasa labari. Takardar da mai gari ya sa wa hannu, aka ajiye kwafinta a hukuma, tana raba wannan gardama. Burtali kuwa ana yi masa alama da turakun siminti, ana kuma ɗaukar wurarensa da na'urar GPS a sa a taswira, ta yadda ko an tumɓuke turke za a iya gano gurbinsa.

DARASIN MATA MASU DUBARA

Ba dukan ajiya ce ke bukatar alƙalami ba. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, sun soma ne da matan da galibinsu ba su yi karatun boko ba. Sun riƙe asusunsu da ƙa'idoji masu sauƙi: zubi iri ɗaya ga kowa a kowane mako, ƙirga kuɗi a fili a gaban taro, akwati mai kwaɗo uku wanda mabuɗansa ke hannun mata uku dabam-dabam. Da yake kowace mace ta ji abin da ya shiga da abin da ya fita, lissafin yana cikin kawuna da yawa, ba wadda za ta tafi da shi ita kaɗai. Wannan tsari ya bazu daga Maraɗi zuwa ƙasashe masu yawa na Afirka da Asiya. Ofisoshin gwamnati suna da abin koyi a nan, domin sanin da mutum guda ya riƙe a aljihunsa yana cikin haɗari ko da a rubuce yake.

INDA GIZO KE SAƘA

Duk waɗannan hanyoyi suna da rauni guda: sun dogara ga ɗorewa. Shiri yana da ranar ƙarewa, kuma idan ya ƙare sai a rasa mai sayen littafi da biro da kuɗin kiran waya. Mai duban ma'auni aikin sa kai yake yi, yunwa tana iya kora shi cin rani. Gara da ɗigon ɗaki suna cin takarda. Shugabanni ma suna canzawa: an zaɓi majalisun ƙananan hukumomi karo na farko a 2004, an sake zaɓe a shekarun baya, kuma a watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun aka naɗa masu riƙon hukumomin. Kowane irin canji yana gwada ko an ajiye kundi yadda ya kamata.

Magungunan ba su fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Ya kamata kowane aiki ya kasance da mutum biyu da suka iya shi, babba da mataimaki, kuma a sa mata a ciki domin sun fi zama a gari rani da damana. Kowace takarda mai muhimmanci a yi ta biyu, ɗaya a gari ɗaya a hukuma, a ajiye cikin akwatin ƙarfe a ɗaga shi daga ƙasa. Kowane shafi ya ɗauki kwanan wata da sunan gari. Mai wayar da ke ɗaukar hoto ya ɗauki shafukan littafi a ƙarshen wata ya aika wa hukuma. Saƙon murya na WhatsApp yana da amfani wajen yaɗa labari ga wanda bai iya karatu ba, amma abin da ake so ya daɗe sai a mayar da shi cikin littafi, domin waya tana ɓata, tana lalacewa. Ma'aikacin da zai bar wuri kada ya tafi sai ya zauna da magajinsa sun bi kundi shafi-shafi, ya kuma kai shi ga mutanen da ya saba aiki da su. A ƙarshen kowace damana a karanta littafin ruwa a dandalin gari, a gwada shi da abin da aka girbe, domin littafin da ba a karantawa ba a daɗe ana cika shi.

A nan ne ɗaliban yaƙi da jahilci suke da babban matsayi. Tun 1963 ƙasar Nijar ta kafa ma'aikatar koyar da manya, kuma mutumin da ya fito daga ajinta ya iya rubuta kwanan wata da lamba da suna cikin Hausa, to ya cancanci riƙe littafin ruwa, ko na kwamitin gargaɗi, ko na bankin cimaka. Masu rubutun ajami ma su shigo, tun da abin da ake nema shi ne rubutun da mutanen gari za su iya karantawa da kansu. Ya rage ga hukumomi su buga takardun cikawa da harsunan ƙasa, su sa kuɗin littafi da biro cikin kasafinsu na shekara, su kuma riƙa mayar wa garuruwa amsa a kan rahoton da suka aiko, domin wanda ya aika da saƙo sau uku bai ji komai ba, da wuya ya aika na huɗu.