Daga yadi 2,587 zuwa 864: ina masu ruga da ƙwallo na Wisconsin suka dosa?

A wasan zari-ruga na jami'o'in Amurka, kowace makaranta da abin da ta yi suna a kai. Jami'ar Wisconsin da ke birnin Madison ta yi suna ne wajen miƙa wa ɗan wasa ƙwallo a hannu, ya rungume ta a ƙirji, ya kutsa da ita ta tsakiyar ƙarti. Kambun Doak Walker, wanda ake bai wa gwarzon mai ruga da ƙwallo na ƙasar duk shekara, ya je Wisconsin sau biyar: Ron Dayne a 1999, Montee Ball a 2012, Melvin Gordon a 2014, sai Jonathan Taylor a 2018 da 2019. Amma a kakar 2023 da 2024 da 2025 babu ɗan wasanta ko ɗaya da ya haɗa yadi 1,000. Shin gwanaye ne suka ƙare, ko kuwa hanyar da suke bi ce ta toshe? Alƙaluman shekara talatin sun fi karkata ga amsa ta biyu.

Lambobi uku da ake auna mai ruga da su

Tsawon filin yadi 100 ne, yadi ɗaya kuwa bai cika mita ɗaya ba, santimita 91 ne da ɗoriya. Ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo tana da dama huɗu ta ci yadi goma gaba. In ta ci, a sabunta mata huɗun; in ta kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Wanda ya shiga da ita ƙarshen fili, wato gida, ya ciyo maki shida.

Saboda haka abu uku ake dubawa. Na farko jimillar yadin da ɗan wasa ya tara a kaka. Na biyu sau nawa aka miƙa masa ƙwallo. Na uku matsakaicin abin da yake ci a kowace ɗauka, wato a raba na farko da na biyu. Jimilla tamkar cinikin da ɗan kasuwa ya yi a rana ne, matsakaici kuma shi ne ribarsa. Jaridu jimilla suke sa wa a kanun labari, masu farautar 'yan wasa na gasar ƙwararru ta NFL kuwa lamba ta uku suke fara nema.

6,397 ko 7,125?

Barry Alvarez ne ya kafa wannan salo bayan ya karɓi ragamar ƙungiyar a 1990. Dabararsa ita ce ya tara manyan samari masu jiki daga jihar da maƙwabtanta, ya jera biyar a sahun gaba su ture masu tsaro, sannan ya sa mai ruga ya bi bayansu. Da haka ya ci kofin Rose Bowl sau uku, a 1994 da 1999 da 2000.

Ron Dayne shi ne ya fi kowa cin moriyar tsarin. Daga 1996 zuwa 1999 an miƙa masa ƙwallo sau 1,220, ya tara yadi 7,125, ya kuma lashe kambun Heisman na gwarzon ɗan wasan jami'o'i a shekararsa ta ƙarshe. Sai dai a kundin NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, 6,397 aka rubuta masa, domin kafin 2002 hukumar ba ta lissafa wasannin ƙarshen kaka da ake kira Bowl. A 2016 Donnel Pumphrey na San Diego State ya haɗa 6,405, shi kuwa an lissafa masa nasa wasannin na Bowl, sai aka ce ya zarce Dayne da yadi takwas. Da ma'auni ɗaya aka auna su, Dayne ne ke gaba da yadi 720.

Irin wannan tarko yana nan a rikodin kaka ɗaya ma. Barry Sanders na Oklahoma State ya yi yadi 2,628 a 1988, Gordon ya yi 2,587 a 2014, tazarar yadi 41 kacal. To amma Sanders a wasa 11 aka lissafa masa nasa, Gordon kuma a 14. In aka raba, Sanders na cin yadi 239 a kowane wasa, Gordon na cin 185. Kafin a kwatanta jimilla biyu, sai an tambayi wasa nawa kowa ya buga.

408 cikin kashi uku na wasa

Ranar 15 ga Nuwamba, 2014, Nebraska ta zo filin Camp Randall na Wisconsin, ta fara da ƙafar dama har ta kai 17 da 3. Daga nan Gordon ya ɓalle. An miƙa masa ƙwallo sau 25, yana cin fiye da yadi 16 a kowace ɗauka, ƙanƙara na zuba. A bugun ƙarshe na kashi na uku ya ruga yadi 26 ya shiga gida, jimillarsa ta zama 408, ya haura 406 da LaDainian Tomlinson ya kafa a 1999. Bai sake shiga fili a kashi na huɗu ba, aka tashi 59 da 24. Rikodin mako ɗaya ya yi a hannunsa, Samaje Perine na Oklahoma ya yi 427 a kan Kansas.

Wanda ya kalli irin waɗannan rugawa a hankali zai ga aikin yana faruwa tun ƙwallo ba ta iso hannun mai ruga ba. 'Yan sahun gaba biyu su haɗu a kan mai tsaro ɗaya su tunkuɗe shi baya, wani ya zagayo daga ɗaya gefen ya tare na biyu, sai rata ta buɗe. Yadi uku ko huɗu na farko kyautar sahun gaba ce. Gwanintar mai ruga tana farawa ne daga inda mai tsaro na farko ya taɓa shi: ya goce masa, ko ya banke shi, ko ya tsere masa. Wisconsin ta daɗe tana fitar da irin waɗannan ƙarti, kamar Joe Thomas da aka ɗauka na uku a zaɓen NFL na 2007, da Travis Frederick da Ryan Ramczyk.

Daga 6.3 zuwa 5.1: mutum ɗaya, kaka biyu

Alƙaluman Montee Ball sun nuna yadda mai ruga ya dogara da na kewaye da shi. A 2011 ya ɗauki ƙwallo sau 307, ya yi yadi 1,923, matsakaici 6.3, ya kuma shiga gida sau 39, daidai da rikodin Sanders. A shekarar Russell Wilson ne mai jefa ƙwallo, don haka masu tsaro ba su isa su taru a gaba su jira Ball ba, sai an raba musu hankali. Da kakar ta ƙare Wilson ya tafi NFL, Kevin Zeitler da Peter Konz na sahun gaba suka bi shi, mai tsara hari Paul Chryst kuma ya koma Pittsburgh.

A 2012 an ƙara wa Ball aiki zuwa ɗauka 356, amma yadinsa ya sauka zuwa 1,830, matsakaici 5.1. An ƙara masa ɗauka 49, ya rasa yadi 93. Abin mamaki, a wannan kakar ce aka ba shi kambun Doak Walker.

924 da 926

Ana yawan cewa Wisconsin na tatse 'yan wasanta kafin su kai ga ƙwararru. Masu wannan magana suna kafa hujja da Dayne, wanda New York Giants ta ɗauka na 11 a 2000 amma matsakaicinsa a NFL bai kai yadi huɗu ba, da kuma Ball, wanda ya ɗauki ƙwallo sau 924 a jami'a ya ƙare da yadi 731 a kaka biyu a Denver.

Jonathan Taylor ya rushe wannan hujja. Ɗauka 926 ya yi cikin shekara uku kacal, kusan 23 a kowane wasa, ya tara 1,977 da 2,194 da 2,003, jimilla 6,174. Duk da haka a 2021 shi ne ya fi kowa a NFL da yadi 1,811 a Indianapolis. Kaya ɗaya suka ɗauka shi da Ball, abin da ya raba su yana wani wuri. Matsakaicin Taylor a jami'a 6.7 ne, na Ball 5.6. A gwajin gudun yadi 40 Taylor ya yi daƙiƙa 4.39. Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi, domin Ball da bakinsa ya faɗa daga baya cewa shan giya ya taimaka wajen durƙusar da shi.

Taylor ma yana da tabo a takardarsa: ƙwallo ta suɓuce masa sau 18 a shekara uku. Wannan da arahar da masu ruga suka yi a kasuwar NFL na cikin abin da ya sa sai a zagaye na biyu aka ɗauke shi, na 41. James White kuwa, wanda kullum yake raba aiki da wani a Madison, sai a zagaye na huɗu New England ta ɗauke shi a 2014. Amma ya iya cafe ƙwallon da aka jefo, kuma a wasan Super Bowl na Fabrairun 2017 ya cafe 14, ya shiga gida sau uku.

984, sai 864

Braelon Allen ya fara a 2021 yana ɗan shekara 17, ya yi yadi 1,268 a ɗauka 186, matsakaici 6.8. A 2022 ya yi 1,242, amma sai da ya ɗauka sau 230, matsakaici ya faɗo 5.4. Ke nan tun kafin a canja salo injin ya fara tari. An sallami Chryst, wanda ya dawo a matsayin babban koci tun 2015, a Oktoban 2022, aka kawo Luke Fickell daga Cincinnati. Fickell ya ɗauko Phil Longo, mai salon baza 'yan wasa a faɗin fili da yawan jifa ta sama.

A 2023 Allen ya tsaya a 984, ya wuce New York Jets. A 2024 Tawee Walker ne ya fi kowa da 864, ƙungiyar ta ci wasa 5 ta sha kashi a 7, ta rasa gurbin Bowl bayan shekara 22 a jere tana zuwa. An sallami Longo a Nuwamba tun kaka ba ta ƙare ba, aka kawo Jeff Grimes daga Kansas don a koma gudu ta ƙasa. Kakar 2025 ta ƙare da nasara 4 da rashin nasara 8, har da wasa biyu a jere, da Iowa da Ohio State, da ƙungiyar ba ta ci ko maki ɗaya ba. Komawa tsohon salo ya fi barinsa wuya, domin sahun gaba ba a kaka ɗaya ake gina shi ba, kuma in mai jefa ƙwallo ba ya ba da tsoro, masu tsaro takwas ko tara za su taru a gaba su toshe kowace kafa.

Duniyar wasan ma ta canja. Tun 2021 ɗalibi na iya karɓar kuɗin talla da sunansa, yana kuma iya sauya makaranta ya buga nan take. Walker daga Oklahoma ya zo, kaka ɗaya ya yi ya koma Cincinnati. A da, Gordon ya yi haƙuri yana jiran Ball da White su gama. Yau matashin da aka ajiye a benci shekara biyu yana da inda zai tafi. Daga 2025 jami'o'i na iya raba wa 'yan wasansu kuɗi kai tsaye, kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko, kuma kaso mai tsoka wajen masu jefa ƙwallo da masu tare su yake tafiya. Gasar Big Ten da Wisconsin ke ciki ta zama ta ƙungiyoyi 18 a 2024, an soke rabon gabas da yamma, Wisconsin ta rasa rukunin da ta daɗe tana mamaya. Ko agogo an taɓa: tun 2023 ba ya tsayawa bayan kowace sabunta dama sai a mintuna biyun ƙarshe na kowane rabi, don haka bugun da ake yi a wasa ya ragu.

338: ma'aunin gobe

Don mutum ya yi yadi 2,000 a wasa 13 da matsakaici 6.5, sai an miƙa masa ƙwallo sau 308, kusan 24 a kowane wasa. Kociyoyi kaɗan ne ke yin haka yanzu. Ashton Jeanty na Boise State, mai yadi 2,601 a ɗauka 374 a 2024, shi ne na daban. Ohio State da ta ci kofin ƙasa a kakar ta bi wata hanya: Quinshon Judkins ya yi 1,060 a ɗauka 194, TreVeyon Henderson ya yi 1,016 a ɗauka 144. Su biyun a wasa 16 sun ɗauka sau 338, ƙasa da 343 da Gordon shi kaɗai ya ɗauka a wasa 14. Dukansu an ɗauke su a zagaye na biyu a 2025.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a Madison. A 2010 White ya yi 1,052, John Clay 1,012, Ball 996, saura yadi huɗu su zama uku masu dubu-dubu. A 2013 Gordon da White suka haɗa 3,053 tsakaninsu. Raba aiki yana kuma amsa matsalar ƙaura, domin matashin da ke taɓa ƙwallo sau goma sha biyu a wasa ya fi zama a kan wanda ke kallo daga benci.

Saboda haka wanda ke son sanin ko matasa irin Darrion Dupree, wanda ya shigo jami'ar a 2024, da masu biyo bayansa za su dawo da martabar gidan, kada ya jira yadi 2,000. Ya duba ko matsakaicin manyan masu ruga biyu ya haura biyar da rabi, ko haɗin gwiwarsu ya kai yadi 150 a wasa, ko ana jefa musu ƙwallo suna cafewa, da kuma sau nawa take suɓuce musu. In waɗannan huɗu suka daidaita, alama ce cewa sahun gaba ya farfaɗo kuma mai jefa ƙwallo ya fara ba masu tsaro tsoro. In matsakaici ya maƙale a huɗu, ko wane gwani aka sayo da kuɗi, da wuya ya haɗa dubu.