Neman Maganin Damuwa Tun da Sauran Ƙarfi

Ko wane mai gida ya san aikin gara. Ta kan shiga dirkar rumfa ta cinye cikinta, ta bar bayanta sumul. Mai wucewa ya duba ya ce rumfar nan da ƙarfinta. Ran da aka yi iska mai ƙarfi, sai ta zube. Haka ciwon damuwa ya kan yi wa waɗansu mutane, musamman masu ƙwazo.

Mutumin da ba a san yana ciwo ba

A ce ga wani tela a kasuwa. Kullum shi ne na farko wajen buɗe rumfa. Ba ya saɓa alkawarin ɗinki. Yana cefane, yana biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa, yana zuwa suna da biki. In an gaishe shi, sai ya ce lafiya lau. Amma wata uku ke nan barcinsa bai wuce awa uku ba. Ya kan farka tsakar dare da tunani. Abinci ba ya yi masa daɗi. Hirar da ya ke so dā ta fita ransa. Abu kaɗan sai ya daka wa yara tsawa.

Telan nan ya kan ce a ransa, "Ai ni ba mahaukaci ba ne. Ina aikina, me zai kai ni asibiti?" Nan ne kuskurensa. Iya aiki daban, lafiyar zuciya daban. Mai ciwon hawan jini ma ya kan yi shekaru yana noma bai sani ba.

Ciwon nan ba na mutum ɗaya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutane wajen miliyan 280 su ke fama da shi. Da yawa daga cikinsu suna tashi kullum su tafi aiki.

Alamun da za ka duba

Kowa ya kan yi baƙin ciki in ya yi rashi ko hasara, sa'an nan ya wuce. Abin da likitoci su ke dubawa shi ne daɗewa. In ka yi mako 2 ko fiye, kusan kullum ranka a ɓace, ko ba ka jin daɗin abin da ka saba so, to ka lura. Duba kuma ko akwai waɗannan: rashin barci ko yawan barci, rashin cin abinci, gajiya ba dalili, mantuwa, ganin kai ba ka da amfani, faɗuwar gaba a kai a kai. A wajen waɗansu ciwon ya kan fito a jiki, watau ciwon kai, da zafin ƙirji, da jin nauyi a kafaɗa.

Me ya sa za a tafi da wuri?

Na ɗaya, maganin yana bukatar ƙarfinka. Wanda ya je yana iya tunani, yana iya fita, shi ya fi saurin amfana da abin da aka koya masa.

Na biyu, ciwon da aka bari ya daɗe ya fi wuyar warkewa, kuma wanda ya sha dawowa ya fi saurin sake dawowa.

Na uku, mai jinkiri ya kan nemi sauƙi ta muguwar hanya. Ya sayi ƙwayar barci ko tiramadol a kemis, ya wayi gari da ciwo biyu. Saboda irin wannan ɓarna ne gwamnatin Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018.

Na huɗu, wanda ya je da wuri bai rasa aikinsa ba, bai ɓata da matarsa ba, bai ci bashi ba. Abin gyara kaɗan ne.

Yadda a ke maganin

Da farko likita zai duba jikinka, domin ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo su ma su kan kawo kasala irin wannan. In ya ga damuwa ce, zai iya tura ka wajen masanin halayyar ɗan Adam. Maganin wannan masani zance ne. Ku zauna wajen awa ɗaya a mako, sau da yawa zama 6 zuwa 20. Abin da ka faɗa masa asiri ne tsakaninku.

Wata hanya da a ke bi, wani likitan Amurka mai suna Aaron Beck ya tsara ta a shekarun 1960. Ana koya wa mutum ya kama tunanin da ke cutarsa, ya auna shi kamar yadda a ke auna hatsi. Telan nan zai ce, "In na huta kwana ɗaya, gidana zai rushe." Sai a tambaye shi, "Ka taɓa hutawa? Me ya faru?" A ba shi ɗan aiki ya gwada a gida, ya kawo labari mako mai zuwa. In ciwon ya yi nauyi, likita ya kan haɗa da ƙwaya. Ita kuwa ta kan ɗauki makonni kafin a ji aikinta, kuma ba a daina ta sai da izinin likita.

Kada ka ce wannan abin Turawa ne kaɗai. A 1954 Dakta Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Marasa lafiya suna kwana a gidajen ƙauye tare da danginsu, da rana su je asibiti. A ƙasar Zimbabuwe kuma, tun 2006 Dakta Dixon Chibanda ya soma koya wa tsofaffin mata sauraron masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, aka gwada aka ga mutane suna samun sauƙi.

Ina za a je?

Fara da asibitin da ke kusa da kai, ka gaya wa likita ko nas gaskiya. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta Sakkwato, da Dawanau ta Kano. Yawancin masu zuwa a kan duba su, su koma gida ran nan. A 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, domin kare haƙƙin mara lafiya.

Abu ɗaya ba ya jira. In tunanin kashe kanka ya zo maka, gaya wa wanda ka amince da shi yau, ku tafi asibiti tare yau.

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. In ka ga alamun nan a jikinka, ko a jikin ɗan'uwanka mai ƙwazo, kada ku jira sai rumfa ta zube.

Tambayoyi

1. Mako nawa damuwa za ta yi kafin a nemi likita?
2. Kawo dalilai biyu na zuwa da wuri.
3. Wane asibiti ne ya fi kusa da garinku?